Gashin da Kawu Abakar Ya Tanadar wa Mina

Duk wanda ya taɓa bin hanyar bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, da sassafe a ƙauyenmu na Jazira ya san abin da ke jiransa a ƙofar gidan Kawu Abakar. Da ya dawo daga masallaci sai ya zauna a bakin angareb ɗinsa, gadon nan na igiya, a ƙarƙashin rumfa, ya warware rawani, ya cire hula ya kifa ta a gwiwa, sannan ya sunkuyo da kai ga duk wanda Allah ya fara jehowa.

"Duba mani. Ya hito?"

Ba ruwansa da ko wane ne kai, ko ina za ka. Ya tsayar da mai jaki, ya tsayar da mai madara, ya taɓa tsayar da mufattish mai duba gonaki, motarsa na kunne. In ka ce ka ga alama, akwai shayi mai kauri. In ka ce ba ka ga komai ba, sai ya ba ka shawarar ka je birnin Madani a duba maka idanu. Mutane da yawa sun canja hanya saboda shi. Ni Usman ban samu wannan damar ba, don gidana na kallon nasa, ga shi kuma ƙanwarsa ce ta haife ni.

Kun dai san kan. Sanƙo ne da ya taso daga goshi bai tsaya ba sai da ya gangara ƙeya, ya bar ɗan gashi a zagaye kamar ragowar shinge. In rana ta daka, yara kan ce suna ganin fuskarsu a ciki. Larabawan ƙauyen da ke tsallaken tur'a Abu Sal'a suke kiransa, wato uban sanƙo, yana kuma amsawa, sai dai yakan ƙara da cewa sunan na wucin gadi ne.

Baƙo yakan ɗauka son ado ne ya kama tsoho. Mu da muka san shi mun san mutumin da ke ɗaure wando da igiyar buhu ba ado ne ya dame shi ba. A masallaci abin ya samo asali. Wata shekara limaminmu Faki Musa yana yi wa maniyyata bayanin aikin hajji, har ya zo kan askin da ake yi a Mina ranar Sallah, ya ce ana fatan kowane gashi da ya faɗo a rubuta wa mutum lada a kansa. Kawu, wanda ya jingina da ginshiƙi yana gyangyaɗi, sai ya farka garau. Ya ɗaga hannu ya tambayi makomar wanda ba shi da gashin. Faki Musa ya ce ai sai a bi kan da aska kawai, aikinsa ya cika, ba abin da ya ragu.

Kawu, wanda rayuwarsa duka a hawasha take, wato gonar ban ruwa, ya ce, "Malam, in ka kai lauje hawashar da ba a shuka komi ba, kay yi ta yankan iska tun sahe har azahar, wa ka auna maka buhu?"

Masallaci ya ɗauki dariya. Faki Musa ya yi ta kawo hujja, Kawu yana kallon sumar da ta leƙo ta ƙarƙashin hular malamin, daga ƙarshe ya ce duk wannan bayanin mai abin kaiwa ne. A nan take, gaban jama'a, ya yanke cewa ba zai taka Makka ba sai yana da abin da zai bari a Mina.

Mun ɗauka zancen masallaci ne, zai wuce. Bai wuce ba, kuma dalilinsa ba abin dariya ba ne. Kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya a nan cirar auduga don ya ƙara guzuri, auduga ta riƙe shi har kabari. Mahaifinsa ma yana cikin shiri ya rasu. Kawu shi ne na farko a gidan da hali ya kusa kaiwa. Ya taɓa ce mini, ba da wasa ba, mutum uku zai wakilta, to da wane ido zai miƙa wa wanzami kai kamar bayan ƙwarya ya ce ga saƙon gidansu.

Da na gargajiya ya fara, kamar kowa. Ruwan albasa, man riɗi, kitsen tozon raƙumi, da wani baƙin abu da wani makiyayi ya sayar masa a kasuwar Dindir. Gashi bai zo ba, ƙudaje ne suka zo, har a sahun salla ana barin masa fili dama da hagu. Matarsa Inna Hawwa ta fitar masa da matashinsa waje. Daga nan ne ya yarda na raka shi Kamlin wurin mai sayar da magani.

Yaron da ke kantin ya ba shi ruwan magani a 'yar kwalba, ya yi masa bayani dalla-dalla da Larabci, ni kuma na maimaita da Hausa: a ɗiga kaɗan a shafa, safe da yamma, kullum, ba fashi, in aka daina kuma abin da ya fito zai koma. Kawu ya yi ta gyaɗa kai. Muna fitowa ya ce yaron nan bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi tun yana saurayi yake noma a Jazira, bai taɓa ganin ƙasar da ake ba ruwa sau biyu a yini ba sai in ana so iri ya ruɓe. Ruwa da layi yake zuwa. Saboda haka ranar da aka buɗe wa hawasharsa ruwa, ranar kansa ma zai sha, ya sha ya ƙoshi, a bar shi sai wani zagayen.

Bai tsaya nan ba. Ya ari kwallin Inna Hawwa ya sa na ja masa layi, na raba kan gida huɗu yadda ake raba gona wajen juya shuka. Gida uku za su sha magani, na hagu ta baya kuwa an bar shi ya huta bana. Na ce Kawu, ai wannan wurin ya fi shekara ashirin yana hutawa. Ya ce in rufe masa baki, ba a tambaye ni ba.

Da yake kwarara maganin yake yi ba ɗigawa ba, sai ya riƙa gangarowa ta goshi da bayan kunne. Kafin a girbe alkama magani ya nuna aikinsa. Girarsa biyu suka haɗe, gefen kunnuwansa ya yi tsiro, har saman kumatu ya yi duhu. Tsakiyar kai kuwa tana nan tana walƙiya. Wani zai karaya. Kawu murna ya yi, ya ce haka tur'a take ko'ina, ciyawa a bakin ruwa, gona da ƙishirwa; magani ba shi da laifi, filin ne ke da gangare. Tun daga ranar, duk zagayen ban ruwa, sai Inna Hawwa ta murza masa ƙullu ta yi masa kunya a zagayen tsakiyar kai, a zuba magani a ciki, ya zauna ƙiƙam ba ya ko juya wuya har ya tsotse. In ka gaishe shi a wannan halin da ido yake amsawa. Kajin gidan ne kawai ba su ganin girman abin, sai da aka riƙa kulle su.

Da muka koma Kamlin, yaron ya ce akwai ƙwayar da ake sha tare da na shafawa, sai dai akwai magana. Ya duba dama da hagu, ya rage murya. Kawu ya ce ya ɗaga murya, shi ba ya sayen abin da ake raɗa. Yaron ya daure ya ce wasu mazan kan ga raguwa a harkar iyali. Kawu ya mayar da ƙwayar kan kanta, ya ce wannan ba haƙƙinsa ne shi kaɗai ba, sai ya yi shawara. Muka hau mota muka dawo hannu rabbana. Abin da ya faru a cikin gida daga bakin mahaifiyata na ji shi, ita ma sai da ta yi ta share hawaye kafin ta iya faɗa. Wai Kawu ya zaunar da Inna Hawwa, ya yi dogon sharhi, ya ce in ba ta yafe ba shi ya haƙura. Ita kuwa ko ɗago kai daga tsintar wake ba ta yi ba.

Ta ce, "Sha abinka, Malam. Ɓarawo ba shi satar rumbun da gara tar riga shi."

Ya sha. Amma ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta, a gidanmu yake cin abincin dare, yana cewa mata ba su san darajar wanda ya nemi shawararsu ba.

Ƙwayar ta tsayar da zubar ragowar shingen, har ɗan gashi mai laushi ya leƙo nan da can, irin wanda sai ka juya mutum wajen rana kake gani. Kawu ya ce wannan ko aska ba za ta san ta taɓa wani abu ba. Ana haka wani yaron ƙauyenmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa ya zo hutu, wanda ya tafi da goshi har tsakiyar kai, ya dawo da suma kamar ango. Kawu ya kama shi ya zaunar, ya yi ta bincikar kan da yatsa kamar mai sayen rago. Ranar ya fara jin cewa ana dashen gashi, kuma har a Khartum akwai masu yi.

A nan ne dariyar ta fara haɗuwa da wani abu. A shekarar Kawu yana da bijimin da ya daɗe yana kiwo, alkama kuma ta yi kyau, kowa ya san in ya haɗa su kujerar Makka ta samu. Sai ya ce bijimin na dashe ne. Inna Hawwa ta yi magana, 'ya'yansa suka yi, bai ji ba. Faki Musa da kansa ya tako har rumfar, ya ce masa wanda Allah ya ba hali ba ya jinkirta farilla, rai ba a hannun mutum yake ba. Kawu ya zuba masa shayi, ya ce Makka ba ta zuwa ko'ina, Ka'aba tun Annabi Ibrahim take nan tana jira, shi damina ɗaya kawai yake nema. Ya kuma tambaye shi ko dashen ya halatta. Malam ya ce tunda gashin mutum ne za a mayar masa, ba laifi. Wannan rabin fatawar kawai Kawu ya ɗauka.

Ni na raka shi Khartum. Na ɗauka don in yi masa tafinta ne da riƙon jaka. Sai da muka zauna gaban likita, wani saurayi mai haƙuri, na ji Kawu yana nuna ƙeyata yana cewa ga inda za a ɗebo iri, ya fi nasa kauri, kuma jini ɗaya ne, uwar yaron ba za ta hana ba. Likita ya ce ba a yi da na wani, jiki ba ya karɓa, daga ƙeyarsa za a cire ɗaya-ɗaya a dasa a gaba. Ran Kawu ya ɓaci. Ya ce wane irin ciniki ne wannan, ya kawo ƙasa, ya kawo iri, ya kuma kawo bijimi. Likita ya yi masa bayanin cewa gashin ƙeya daban yake, duk inda aka kai shi ba ya zubewa kamar na gaba. Sai na ga fuskar Kawu ta washe.

Ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji, Usmanu? Ashe Hausawa na. Inda anka aje su nan su ka zama, ba su komawa."

Aka ba shi rana, ya ƙi. Ya ce ba mahaukacin da ke dashen albasa da bazara, sai sanyi ya shigo. Likita ya nuna masa na'urar sanyaya ɗaki, Kawu ya ce wannan sanyin ƙarya ne, iri ya san na gaskiya. Muka dawo gida muka jira hunturu. Da muka koma aka ce da safe za a fara, ya ce dashe da la'asar ake yi. Ya kuma ja kunnen likita cewa a yi layi-layi, a bar tazara yadda iska za ta ratsa. Likita ya ce to, kamar yadda ake ce wa tsofaffi to. Da aka yi masa allurar kashe zafi aka fara aiki, mai sa ido kan tazara sai ya yi barci har da minshari.

Dokokin da aka ba shi ne suka fi aikin wuya. Kada wani abu ya taɓa wurin na ɗan lokaci: ba hula, ba rawani, ba rana, ba sunkuyo. Dattijo kamar Kawu kuwa ya fita kai a buɗe, gara a ce masa ya fita ba riga. Ranar Juma'a ta zo, ya ce shi bai taɓa rasa Juma'a ba, kuma ba zai shiga ɗakin Allah kamar ɗan tasha ba. Ya shiga madafa ya fito da tabag ɗin Inna Hawwa, murfin nan na kaba mai tsini da ake rufe tiren abincin baƙi, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya gwada, ya ga gefensa ne kawai ke sauka a kan kunnuwa, tsakiya ba ta taɓa komai. Ya sa aka ɗaura masa zare ta haɓa. Haka ya ratsa gari da sandarsa, fuska a murtuke, ya shiga sahun gaba ya zauna a kujera. Faki Musa ya hau mumbari, ya ɗago kai, ya yi ido huɗu da tabag, sai huɗuba ta ɓace masa. Sau biyu yana komawa farko. Daga ƙarshe da bango ya yi ta magana har ya sauko.

Bayan 'yan makonni, wata safiya, Kawu ya tashi ya ga duk abin da aka dasa a kan matashi. Likita ya faɗa cewa haka zai faru, gashin farko zai zube, saiwar na nan, daga baya sabo zai fito. Ni shaida ne, a gabana ya faɗa, amma lokacin Kawu yana lissafin tazara ne a ransa. Na tuna masa, ya ce ni da likita bakinmu ɗaya. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Ku kuma, 'yan garinmu, Allah ya shirye ku. Ban san wanda ya fara ba, sai ga maza sun jeru, kowa ya zo ya tsaya gabansa ya ɗaga tafin hannu ya ce Fatiha, yadda muke yi a gidan rasuwa. Kawu kuwa ya miƙe ya karɓa da gaske, ya sa a kawo shayi. Wani ya matso ya tambaya a hankali ko jinya aka yi ko farat ɗaya ne. Kawu ya ce farat ɗaya, da daddare ma lafiya lau suka kwanta.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya na fito na shirya duba kai kamar kullum, sai na tarar da shi da rawani a naɗe tsaf, yana shan shayinsa shi kaɗai. Na tsaya ina jira. Ya ce lafiya nake tsaye a kansa kamar mai bin bashi. Ranar na gane abu ya fito. Daga ranar kuma ba wanda ya sake ganin kan Kawu. Ya ce ido guba ne, amfanin gona ba a nuna shi sai ya shiga rumbu. Mutanen da suka yi shekaru suna kewaye gidansa suka dawo suna roƙon ko leƙe ɗaya. Inna Hawwa ta rantse da hula yake kwana, alwala ma sai ya shige bayan ɗaki yake shafar kai. Wanzami ya daina gaishe shi. Ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure, ya ce da wannan da alkamar baɗi, sai Mina.

Sai yaƙi ya zo. Ba sai na ba ku labari ba, kowa a cikinku yana da nasa. Maraƙin da ya zama bijimi aka kore shi tare da shanun gari, alkama ta bushe a tsaye. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka hau lori muka nufi Damazin, inda 'yarsa Zainabu ke aure.

A hanya, da rana tsaka, masu bindiga suka tsayar da mu. Suka sauke kowa, suna kwance ƙunshin mata, suna lalube aljihu. Da suka zo kan Kawu suka ce ya cire rawani. Ya dafe shi da hannu biyu ya ce sai dai su cire kan gaba ɗaya. Inna Hawwa tana roƙonsa, ni ina roƙonsa, su kuwa ganin yadda ya kafe sai suka tabbata zinariyar gari duka tana ciki. Wani yaro ya sa bakin bindiga ya ture rawanin, hula ta bi shi ƙasa.

Nan duk ƙauyenmu ya ga abin da aka ɓoye mana. Fari ne tas, dogo, ba shi da yawa, ya yi shekara da shekaru a murɗe cikin hula, da ya samu iska sai ya miƙe tsaye a gaban kai kamar tukkun zakara, bayansa kuma sanƙo na nan daram. Sai wata tsohuwa a cikinmu ta ce Masha Allah da ƙarfi, don kada ido ya kama. Yaran nan da bindigogi suka fashe da dariya har wani ya zauna a ƙasa.

Babbansu bai yi dariya ba. Ya matso, ya daɗe yana duban gaban kan, ya gane aikin likita ne. Ya ja Kawu gefe, ni ina biye, ya ɗan ɗaga ƙyallen da ya naɗe kansa da shi, sai ga nasa filin. Ya tambaya ƙasa-ƙasa a ina aka yi masa, kuma yana da zafi.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, sannan ya amsa masa da Larabci yadda kowa zai ji: "A Khartum ne. Likita mai hannu, ba zafi ko kaɗan. Ku kuka ƙone wurin."

Na rufe ido ina salati. Da na buɗe, mutumin ya gyara ƙyallensa, ya daka wa yaransa tsawa su bar mu mu wuce. Muka koma cikin lori muka yi nisa. Kawu yana naɗa rawani yana ƙorafin cewa yanzu idon duniya ya gama da shi.

A Damazin muka cika gidan Zainabu har tsakar gida. Magani ya ƙare, ba kuma inda za a samo. Kawu bai damu da wannan ba kamar yadda ya damu da hanya. Duk wanda ya shigo, tambayarsa ɗaya ce, ko an buɗe hanyar Bur Sudan, ko jirgin ruwa na tashi. Muna ce masa an kusa. Ba bijimi, ba alkama, ƙafafunsa sun kumbura, abinci sai an yi da gaske yake kai loma biyu, amma bai taɓa cewa ya fasa ba. Ni kuwa duk lokacin da na tuna ni na riƙe masa jaka zuwa Khartum a shekarar da kujera ke hannunsa, sai in ga da hannuna a cikin wannan jinkirin.

Watan Sallah babba ya kama. Ranar Arfa ya sa aka jingina shi da bango, aka kunna masa rediyo, ya yini yana jin talbiyar mutane, leɓunansa na motsi. Washegari ba mu da rago, maƙwabta ne suka ce za su aiko da nama. Na dawo daga idi ke nan ya kira ni, ya ce in samo reza sabuwa da ruwa a kwano. Na gane nufinsa, na ce Kawu a bari mana, hanya za ta buɗe, wahalar shekaru ce wannan.

Ya ce, "Usmanu, ni na san jikina. Yanzu haka su ka aski can. In ba a karɓa ba don wuri, a karɓa don lokaci."

Muka juya shi ya fuskanci alƙibla. Da hannunsa ya warware rawanin, ya miƙa wa Zainabu. Inna Hawwa ta shimfiɗa gefen mayafinta a cinyarsa don kada iska ta ɗauki ko ɗaya. Na jiƙa kan, na yi bisimilla, na fara ta dama kamar yadda ya umarta. Shi kuwa yana kabbara a hankali. Ban ankara ba har na gama. Abin da ya ɗauke mu shekaru, ko ruwan kwanon bai gama lafawa ba.

Inna Hawwa ta tattara shi wuri ɗaya ta ɗago masa. Ko finjalin gahawa ba zai cika ba. Kawu ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya juya shi.

Ya ce, "Wanga ɗai na? Bijimi guda, da ƙahoninai da wutsiya?"

Inna Hawwa ce ta fara dariya, Zainabu ta kama, ni ma na kama, har shi kansa kafaɗunsa na girgiza. Muka yi ta yi har na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta ba su daina motsi ba amma sautin ya canja. Kawu ya ce a haƙa rami a gindin dalbejiyar tsakar gida a binne, a zurfafa. Sannan ya nemi ruwa ya sha, ya ce alhamdu lillahi, ya sauke nauyi. Da naman maƙwabta ya iso ya ci tsoka biyu, abin da ya daɗe bai yi ba.

Alhazan shekarar ba su gama dawowa ba Allah ya karɓi abinsa. A Damazin muka rufe shi, nesa da hawasharsa.

Ya Allah, ga bawanka Abakar. Ya yi gardama da limami, ya yi da likita, ya yi da mai bindiga, amma bai taɓa gardamar cewa ɗakinka yake son zuwa ba. Ka rubuta masa tafiyar da ƙafarsa ba ta yi ba, shi da ubansa da kakansa. Gashin kuwa mun gani da idonmu, ba shi da yawa. Ka ninka masa, ya Mai yalwa, ka yafe masa jinkirin, ka sanyaya makwancinsa. Amin.